Yadda Makaɗi Ke Samun Hannu: Koyon Rauji da Daidaita Bugu a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama wurin biki ko gayya ko filin kokawa a ƙasar Bagudo ya san jama'a ba sa jiran masani ya gaya masu ko kiɗa ya zauna ko bai zauna ba. Ƙafar mai rawa ce take fara yanke hukunci. Idan makaɗi ya riga gaɓa da bugu, ko ya makara ko da ƙiftawar ido ce, sai a ga rawa ta yi sanyi, masu amshi sun fara kallon juna. A wannan maƙala zan yi bayani a kan yadda makaɗan gargajiya suke samun wannan daidaito na bugu, wato abin da masu nazarin waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suke dangantawa da rauji, talaka kuwa ya ce wane yana da hannu. Galibin rubuce-rubucenmu sun fi karkata ga ma'anar waƙa da tarihin mawaƙi. Yaron da yake tsugune a gefe da ɗan kuntukunsa, wanda shi ne yake riƙe da ƙashin bayan kiɗan, ba kasafai ake waiwayarsa ba, alhali kuwa a kansa makomar sana'ar ta rataya.

Ƙasar da ake magana a kanta

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu a Jihar Kabi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin daga yamma. Daga cikin garuruwanta akwai Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya. Ta Lolo ake fita zuwa Madekali da babbar kasuwar Malanbil, ta Tsamiya kuma ake nufar Sagbana. Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, wanda tarihin baka na Kisra ya haɗa shi da Busa da Nikki, kuma yana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila. Daga baya, a farkon mulkin Turawa, aka mayar da Illo ƙarƙashin Gwandu.

Na kawo wannan ne domin yana da nasaba da kunnen makaɗi. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Busanci da harshen Kyangawa, kowane da nasa kiɗa da nasa takun rawa. Ga molon Zabarmawa, ga kiɗan sharo na Fulani, ga kalangun mahauta ranar kasuwa, ga kuma kakaki da tamburan sarauta irin waɗanda ake fitarwa a bikin Gani na Nikki cikin watan Rabi'ul Awwal. Makaɗin bakin iyaka da yake son cin abinci da sana'arsa dole ya iya sauya hannu, domin gidan bikin da aka gayyace shi yau ba lalle ba ne su yi rawa irin ta gidan jiya.

Kunne kafin hannu

Tun kafin a ɗora wa yaro abin kiɗa, an riga an yi rabin aikin a tsakar gida. Jariri yana goye uwarsa tana daka, jikinsa yana sauka yana tashi tare da taɓarya. Lugude shi ne makarantar farko, kuma ban ga darasin da ya fi shi tsanani ba. Mata biyu a turmi guda, kowace sai ta saukar da taɓaryarta daidai lokacin da ta 'yar'uwarta take sama. In sun zama uku, an raba zagayen kashi uku ke nan, kowace tana da gurbinta, wadda ta kuskure kuwa taɓare za su yi karo. Gwanaye har suna cilla taɓarya sama su tafa hannu kafin su cafe, ba tare da gurbin ya kuɓuce masu ba. Ma'anar wannan ita ce lokacin yana ci gaba da tafiya a cikin jikin mace ko da hannunta ba ya kan icen.

Haka abin yake a dandali wajen gaɗa da tafi, da kiɗan ƙwarya da shantu na matan aure, da tashen yara a watan azumi inda gwangwani da tsohuwar tasa suke zama ganga. A bakin Kwara kuma akwai tuƙin jirgi. Sarkawa biyu ko uku a kwale-kwale ɗaya, idan filafilansu ba su shiga ruwa tare ba jirgin karkacewa zai yi. Yaron da ya girma cikin waɗannan ayyuka ya san yadda ake shiga gurbi tun bai san sunan abin ba.

Daga ɗaukar kaya zuwa kuntuku

Kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado, ko da yake akwai 'yan haye, wato waɗanda sha'awa ta shigo da su. Ɗan gado yakan fara bin mahaifinsa yawon kiɗa tun yana ɗan shekara 6 ko 7. Aikinsa na farko ɗaukar kaya ne da tsintar kuɗin liƙi da gasa fata a bakin wuta. Mai kallo zai ɗauka bauta ce kawai. Amma a waɗannan shekaru ne yake haddace take da waƙoƙi, yake gane yadda uban kiɗi yake ɗaga gira ko ya karkata kafaɗa idan zai sauya ko zai ajiye.

Abin kiɗa na farko da akan ba shi ƙarami ne. A ƙungiyar masu kalangu, kuntuku ne, wanda wasu ke kira kurkutu, sannan ɗan karɓi. A ƙungiyar gangar noma, kazagi ne. Waɗannan kayan kiɗa da matsayinsu cikin ƙungiya suna cikin abubuwan da David Ames da Anthony King suka tattara a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa da aka buga a 1971. Abin da ake buƙata daga mai kuntuku ɗan gajeren salo ne guda, wanda bai wuce bugu kaɗan ba, ya yi ta maimaita shi tun daga fara wasa har ƙarshe. Ba a yarda ya ƙawata ba, ba a yarda ya ƙara ba.

A nan wahalar take, kuma a nan ake gane wanda zai yi nisa. Riƙe salo ɗaya na minti biyu kowa zai iya. Riƙe shi sa'a guda, cikin rana, ga ƙura, ga hannu ya yi tsami, ga uban kiɗi yana ta gilmawa da salo iri-iri a kan naka, wani lokaci yana buga uku a inda kake buga biyu, wannan shi ne gwajin. Kunnen sabon shiga yakan bi kalangun maigida ya manta da nasa, sai ya tsinci kansa yana kwaikwayon abin da ba nasa ba. Cuta ta biyu ita ce gudu. Da zarar fage ya ɗauki zafi, mata sun yi guɗa, zuciyar yaro takan hau, hannunsa ya ƙara sauri bai sani ba. Gyaran da ake yi masa nan take ne: harara, ko a matso kusa da kunnensa a buga masa salon da ƙarfi har ya koma kan hanya, wani zubin ma a ɗan ƙwanƙwashe shi da makaɗi a ka. Ba na yabon dukan, kuma na ga gidajen da suka fitar da gwanaye ba tare da shi ba. Abin da yake da amfani a ciki shi ne gyaran yana zuwa a daidai lokacin da aka yi kuskuren, kiɗa kuma bai tsaya ba. Yaro yana koyon yadda ake faɗuwa a tashi a tarar da ayari, wanda shi ne rabin gwaninta.

Bayan shekaru a kan kuntuku sai a matsa da shi ga ɗan karɓi, inda zai fara matsa tsarkiya yana sauya murya, yana amsa wa babban kalangu. Sai daga baya, idan maigida ya gaji cikin dare ko taron ya rage, a miƙa masa babban ya ɗan taɓa. Tarihin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya nuna wannan tsani sarai. Ya tashi yana bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda kiɗan noma, bayan rasuwar mahaifin ya zauna ƙarƙashin wansa Abdu Kurna a matsayin daudun kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiya. A nan Jihar Kabi ma, Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri a gidan mahaifinsa Aliyu Ɗandawo na Argungu ya gaji sana'ar. Mutane suna tuna muryoyinsu da azancinsu, su manta da shekarun da suka yi a baya suna amshi da riƙe ƙaramin kiɗa.

Baki ya faɗa, hannu ya buga

Makaɗin gargajiya ba ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kamar yadda ake yi a makarantun kiɗa na Turawa, ba shi kuma da rubutun sauti. Abin da yake da shi magana ce. Kusan kowane take yana da kalmomin da yake faɗa, kuma da waɗannan kalmomi ake koyar da shi. Maigida zai furta, yaro ya maimaita da baki har ya zauna, sannan a ce ya fitar da shi a fata.

Harshen Hausa ya dace da wannan hanya ƙwarai saboda abu biyu. Na farko karin sauti. Kalmar kuka ta zubar da hawaye gaɓoɓinta biyu duk a sama suke, kuka ta itace kuwa ta farko a sama ta biyu a ƙasa. Mai kalangu yana matse tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake bambanta su. Na biyu nauyin gaɓa, kuma shi ne ya shafi lokaci kai tsaye. Gaɓar Hausa ko dai mai sauƙi ce ko mai nauyi. A kalmar gida, gi mai sauƙi ce, da mai nauyi ce saboda dogon wasalinta. A kalmar ganga kuwa duka biyun masu nauyi ne. A waƙa da kiɗa, gaɓa mai nauyi kan ɗauki kimanin lokacin masu sauƙi biyu. Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya daɗe yana nazarin wannan dangantaka tsakanin karin waƙar Hausa da yadda ake rera ta. Ke nan yaron da ya iya furta kalmomin take daidai, ya riga ya riƙe tsawon kowane bugu a bakinsa. Abin da ya rage shi ne hannu ya cim ma baki.

Wannan ne ya sa a bakin iyaka ake samun wani abu mai ban sha'awa. Makaɗi Bahaushe zai iya ɗaukar kiɗan Dandawa ko na Bargawa da kunne, ya buga shi a yi rawa lafiya, amma dattawan wurin su ce da saura. Sau da yawa abin da ya rage ɗin kalmomin ne, domin bai san abin da gangar take faɗa a harshen masu ita ba, saboda haka yakan daidaita bugun da ya kamata ya ɗan jinkirta.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Masu binciken zamani sun auna wasu abubuwa da suka tabbatar da hikimar wannan tarbiyya. Ɗan'adam yana buƙatar kusan kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa kafin ya ji sauti ya mayar da martani da hannu. A kiɗa mai sauri wannan jinkiri ya isa a yi wani bugun a wuce. Saboda haka makaɗin da yake jira ya ji ɗan'uwansa kafin ya buga, kullum a makare yake. Dole hannu ya taso tun sautin bai zo ba, wato jiki ya yi hasashen inda gaɓar za ta faɗa. Wannan hasashe ba ya samuwa sai da maimaici mai yawa, shi ya sa shekarun kuntuku ba su da madadi.

A 2021 wasu masana uku, Nori Jacoby da Rainer Polak da Justin London, suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan makaɗan jembe na ƙasar Mali. Sun ɗauki kiɗa guda sau 72 daga ƙungiyoyi 4 masu mutum uku-uku, suna sa makaɗa biyu su riƙa musayar matsayi, wannan ya ja gaba wancan ya raka, sannan a juya. Sun tarar daidaiton bugunsu ya kusa iyakar abin da jikin mutum zai iya. Sun kuma tarar matsayin da mutum ya riƙe a ƙungiya ya fi tasiri a kan daidaitonsa fiye da ko shi wane ne, kuma gyaran lokaci ba daga jagora kaɗai yake gangarowa ba, kowa yana sauraren kowa yana ɗan matsawa. Kiɗan Mali daban, namu daban, amma tsarin jagora da mai rakiya iri ɗaya ne, kuma duk wanda ya lura da yadda mai babban kalangu yake jingina da ɗan kuntukunsa idan zai yi nisa cikin salo ba zai yi mamakin sakamakon ba.

Turawa suna da na'urar ƙirga bugu tun wajen 1815, wadda mai koyo yake zama da ita shi kaɗai a ɗaki. Tana da amfaninta wajen maganin gudu. Sai dai ita ba ta sauraren kowa, kiɗanmu kuwa yakan fara a natse ya yi ta hawa da gangan har a ajiye, kuma dukan ƙungiya ce take hawan tare.

Fage shi ne mai jarrabawa

Kowane fage da irin lokacin da yake koyarwa. A gayyar noma, makaɗi yana bin bayan manoma, idonsa a kan saukar garma ko hauya. Idan ya yi masu sauri za su ƙone kafin azahar, idan ya yi sanyi aikin ya mutu. Gwani yakan fara da takun da ya tarar suna yi, sannan ya riƙa jan su sannu a hankali. Akwai kuma matsalar nisa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka manomin da ke mita 34 daga ganga yana jin bugun bayan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa. A gona mai faɗi wannan ya isa ya raba kan sahu, shi ya sa makaɗan noma ba sa zama wuri guda, kuma shi ya sa mai kazagi ba ya nisa da mai ganga. Masu kiɗa a cikin jirgi, irin waɗanda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, su ma da wannan suke fama a kan ruwa.

A kokawa da dambe da sharo, lokacin ba a hannun makaɗi yake ba. Zai yi taken ɗan wasa ya tsuma shi, amma da an gamu sai ya koma karanta jiki, ya san lokacin da zai danne kiɗan da lokacin da zai sake shi, har bugunsa na ƙarshe ya zo tare da faɗuwar wanda aka kayar ko saukar bulala. A fada kuwa, wajen masu kotso da taushi, abin da ake nema natsuwa ce. Kiɗan yana ƙasa da murya, jagora yana iya jan ɗan waƙa ya tsawaita shi yadda ya ga dama, 'yan amshi su shigo a daidai gurbin da ya bari, ko su karɓe masa magana tun bai ƙarasa ba. Wanda ya saurari faifan Ibrahim Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji ba a barin rami tsakanin jagora da amshi. Mutum huɗu ko biyar su ja numfashi tare su faɗa kan gaɓa ɗaya, wannan aikin shekaru ne na kwana tare da tafiya tare.

Wani ɗan abu da akan manta shi ne fata. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, makaɗi ya riƙa dawowa hannu da sauri. Da damina, musamman a garuruwan bakin Kwara inda raɓa take da yawa, takan saki ta yi nauyi, sai an gasa. Hannun da ya saba da fata guda a yanayi guda yakan rikice idan abin ya sauya, don haka yaron da ya yi shekaru yana gasa kalangun maigidansa ya riga ya san halinta.

Halin da ake ciki

Matakan nan da na lissafa kowannensu yana raguwa. Injin niƙa da na casar shinkafa sun rage daka, lugude ya zama sai jefi-jefi. Maganin feshi da ƙwadago sun rage gayya. Inji ya maye gurbin filafili a manyan jirage. A gidajen biki, mai na'urar sauti da lasifika ya fi ƙungiyar makaɗa arha, waƙoƙin da yake sawa kuma a situdiyo aka haɗa su da fiyano, inda na'ura take riƙe lokaci ba ta gudu ba ta ja baya. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agusta na 2019, da matsalar tsaro da ta addabi yankin bakin iyaka a shekarun da suka biyo baya, sun taƙaita yawon kiɗa na rani da tafiyar dare, alhali a irin wannan yawo ne yaro yake samun sa'o'in da hannu ke buƙata. A kan wannan kuma ga tsohon kallon da ake yi wa roƙo, wanda ya sa makaɗa da yawa ba sa son 'ya'yansu su gaje su.

Ba na cikin masu cewa waya da fiyano sun kashe kiɗa. Matashi a yau yana iya ajiye waƙoƙin Narambaɗa a wayarsa ya saurara sau ɗari, gatan da kakansa bai samu ba. Amma faifai ba ya hararar wanda ya yi gudu, kuma a cikinsa ƙaramin kiɗan yakan nutse ƙarƙashin babban, har mai koyo ya ɗauka babban ne kaɗai kiɗan. Na ga samari masu iya fitar da taken sarauta a kalangu tsaf, amma a ba su kuntuku su raka wani na minti goma sai abin ya gagara.

Saboda haka shawarata ga masu aikin adana al'adu ita ce a sauya yadda ake ɗaukar kiɗa. A daina ajiye na'ura guda a gaban jagora. A ba kowane abin kiɗa tasa, har da kuntuku da kazagi, domin a iya sauraren kowane shi kaɗai sannan a haɗa. A sa maigida ya furta kalmomin kowane take da baki kafin ya buga, a rubuta su da alamar karin sauti da tsawon wasali, cikin harshen da aka yi su, ko Hausa ne ko Dandanci ko Busanci ko Fulatanci. A kuma ɗauki zaman koyarwar kansa, da kurakuransa da gyare-gyarensa, tare da sunan garin da gidan da salon ya fito. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da ake bukukuwa da kokawa da sharo, kuma zai kyautu a fara da Illo da Ka'oje da ƙauyukan Sarkawa na bakin Kwara kafin a tsallaka wajen Sagbana.